ZOMO A TEBURIN TIYATA: KASHE ZAFI A SASHEN JIKI LOKACIN FIƊAR CIKI



GABATARWA

Cikin shekara ta 1884, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani matashin likita mai suna Karl Koller ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, ya jira kaɗan, sa'an nan ya taɓa idon da tsinin allura. Kwaɗon bai ƙifta ba. Ya sake gwadawa a idon zomo da na kare, daga baya ya gwada a nasa idon. Tun daga nan aka tabbatar ana iya kashe jin zafi a wani sashe na jiki ba tare da an gusar da hankalin mai jikin ba. Ashe ke nan zomo yana cikin halittun farko da aka gano wannan ilmi a jikinsu. Ɗan Adam ya ci moriyar ilmin, doki da saniya da kare su ma sun ci, amma zomo aka bar shi a baya, aka daɗe ana yi masa fiɗa da maganin barci kaɗai.

Akwai hanyoyi biyu na hana dabba jin wuƙar likita. Ta farko ita ce sa barci, watau a ba dabba magani ta allura ko ta shaƙa har hankalinta ya gushe gaba ɗaya. Ta biyu ita ce kashe wuri, watau a zuba magani kusa da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi daga inda za a yanka, a tsare saƙon a hanya kada ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan lacca a kan hanya ta biyu take, musamman a fiɗar cikin zomo. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zomo yana fuskantar haɗari biyu a teburin tiyata, nauyin barci lokacin aiki da ɓoyayyen zafi bayan aiki, kuma allurar kashe wuri, in an yi ta bisa lissafi, tana rage su duka biyun.

ZOMON DA AKE NUFI DA ABIN DA KE KAI SHI TIYATA

Zomon da ake magana a kansa shi ne na gida, wanda asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake. Ya bambanta da zomon dawa na ƙasar Hausa da mafarauta ke kora da karnuka, ko da yake suna ɗaya aka ba su. Na gida ana kiwonsa don nama, ana ajiye shi don sha'awa, kuma jami'o'i suna amfani da shi wajen bincike da koyar da ɗalibai aikin fiɗa.

Dalilan buɗe cikinsa ba su da yawa, amma masu nauyi ne. Na farko shi ne cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ta zomanya. Sankarar mahaifa tana addabar zomanyar da ta manyanta ƙwarai. Wani mai bincike a Amurka, Harry Greene, ya lura da wani garke shekara da shekaru, ya tarar kusan huɗu cikin biyar na matan da suka haura shekara biyar suna ɗauke da ita. Na biyu shi ne tsakuwar mafitsara, domin zomo yana tsotse kusan duk sinadarin kalsiyam da ke cikin abincinsa, ya fitar da rarar ta fitsari, har ta taru ta daskare. Na uku shi ne toshewar hanji da dunƙulen gashi ko wani abu da ya haɗiya. Na huɗu kuwa shi ne ciro 'ya'ya ta fiɗa in haihuwa ta gagara, bayan cikin da ba ya wuce kimanin kwana 31.

HAƊARI NA FARKO: NAUYIN BARCI

Tsakanin 2002 da 2004 wani likitan dabbobi a Ingila, David Brodbelt, da abokan aikinsa suka tattara bayanin dabbobin da aka sa barci a asibitocin dabbobi fiye da ɗari, aka buga sakamakon a 2008. Cikin karnuka, ɗaya daga 601 ya mutu sanadiyyar barcin. Cikin kyanwoyi, ɗaya daga 419. Cikin zomaye kuwa, ɗaya daga 72. Ko da aka ware zomayen da suka zo da ƙoshin lafiya, adadin bai sauka ƙasa da ɗaya cikin 137 ba. Daɗin daɗawa, kusan biyu cikin uku na zomayen da suka mutu ba a kan tebur suka mutu ba, sai bayan an gama aikin. Wannan a ƙasar da ke da kayan aiki ke nan.

Halittar zomo ita ta jawo haka. Ƙirjinsa ƙarami ne, cikinsa babba. In aka kwantar da shi rigingine don fiɗa, kayan ciki sukan danne tantanin da ya raba ƙirji da ciki, huhu ya rasa wurin buɗewa. Ta hanci kaɗai yake numfashi. Bakinsa ƙunci gare shi da zurfi, tushen harshensa da kauri, saboda haka zura masa bututun iska a maƙogwaro aiki ne na gwani. In ya ji warin iskar sa barci yakan riƙe numfashi, har mai aiki ya zaci maganin bai isa ba ya ƙara. Zomaye da dama suna yawo da cutar huhu a ɓoye, ba tari ba majina. Jikinsa kuma ƙarami ne, yana saurin yin sanyi a kan tebur.

Magungunan barci kusan duka suna danne numfashi, suna saukar da ƙarfin bugun jini, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon danniyarsu. To, in maganin barci ne kaɗai zai hana zomo motsi sa'ad da wuƙa ta ratsa bangon ciki, tilas a zurfafa barcin. Tazarar da ke tsakanin barcin da ya isa da barcin da ba a farkawa kuwa, a zomo, siririya ce ƙwarai.

HAƊARI NA BIYU: ZAFIN DA BA YA KUKA

Zomo abin farauta ne, kuma a dawa duk wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Don haka ba ya kuka kamar kare, ba ya nishi. In yana jin zafi sai ya tsuguna wuri ɗaya, ya duƙunƙune, wani lokaci ya riƙa cizon haƙora a hankali. Wanda bai sani ba sai ya ce ya natsu. A 2012 masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ingila suka fitar da ma'aunin gane zafi daga fuskar zomo, mai alamomi biyar: runtse ido, shafewar kumatu, tsukewar ƙofar hanci, miƙewar gashin baki, da kwantar da kunnuwa baya. Duk wanda zai taɓa zomo da wuƙa, wajibi ne ya iya karanta waɗannan.

Abin da ya sa zafin nan ke kisa yana cikin hanji. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda ƙwayoyin halitta ke ruɓar da ciyawa. Wannan tsari ba ya son tsayawa ko kaɗan. Sai ana zuba ciyawa daga sama yake tafiya. Zafi da tsoro suna sa jiki ya saki sinadaran da ke rage motsin hanji. Hanji ya yi sanyi, zomo ya daina ci. Ya daina ci, hanji ya ƙara tsayawa, iska ta taru, ciki ya kumbura, zafi ya ƙaru. Cikin kwana ɗaya ko biyu kitse ya fara taruwa a hanta, sai a wayi gari zomon da aka yi wa aiki mai kyau ya mutu da ɗinkinsa lafiya lau.

Sai a ce, to, a ba shi maganin zafi mai ƙarfi dangin mofin mana. Ana ba shi, kuma ya kamata a ba shi. Amma waɗannan magunguna su kansu suna iya rage motsin hanji, suna kuma kawo kasala. Saboda haka duk abin da zai rage bukatarsu riba ne. A nan allurar kashe wuri ta sami gurbinta, domin tana kashe zafi ba tare da ta sa maye ba.

MAGUNGUNAN DA YADDA SUKE AIKI

Jijiyar ji tana aika saƙo ne ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta, waɗanda ke buɗewa su bar sinadarin sodiyam ya shiga, ƙofa bayan ƙofa, har saƙon ya kai laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa. Maganin kashe wuri yana shiga cikin jijiyar ya toshe ƙofofin nan na ɗan lokaci. Galibi siraran jijiyoyi masu kula da faɗin hanyoyin jini da masu ɗaukar zafi su ke fara mutuwa, masu motsa tsoka su biyo baya. Maganin ba ya ci sosai a wurin da ya kumbura ya yi mugunya, domin tsamin wurin yana hana shi ratsa jijiya.

Koken da Koller ya yi amfani da shi yana da guba, yana kuma kama mutum. A 1905 aka fito da furoken, wanda Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin, a 1957 kuma aka haɗa bufibaken. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne jigon aikin a yau. Lidoken yana kamawa cikin minti biyar ko ƙasa da haka, ya yi awa ɗaya zuwa biyu. Bufibaken yana da nawa wajen kamawa, yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin, amma yakan yi awa huɗu zuwa shida, watau ya raka zomo har cikin awoyin farko bayan fiɗa, waɗanda su ne mafi haɗari.

A nan tilas a tsaya a yi lissafi. Likitan da ya saba da shanu yakan zuƙi sirinji guda na lidoken bai auna ba, saniya kuwa ta shanye. Zomo ba haka yake ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada lidoken ya wuce miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin jiki, bufibaken kuma kada ya wuce miligiram 2. Kwalbar lidoken da aka saba gani, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, tana da miligiram 20 a kowane mililita. Zomo mai kilo 2 iyakarsa miligiram 8, watau mililita 0.4, 'yan ɗigo ke nan. Bufibaken mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari yana da miligiram 5 a mililita. Zomon nan iyakarsa miligiram 4, watau mililita 0.8. In ruwan bai isa ya game wurin da ake so ba, ba a ƙara magani, sai a tsarma shi da ruwan gishirin asibiti, yawansa ya ninka ƙarfinsa ya ragu. In kuma aka haɗa magungunan biyu, gubarsu haɗuwa take yi, ba kowanne da tasa iyaka ba. Saboda haka aikin yana farawa ne daga sikeli. Zomon da ba a auna ba, ba a yi masa allura.

ZAFI IRI BIYU

Kafin a zaɓi hanya, sai a san cewa fiɗar ciki tana haifar da zafi iri biyu. Akwai zafin bango, watau na fata da tsoka da tantanin da ya shimfiɗe bangon ciki daga ciki. Jijiyoyinsa suna fitowa daga gaɓoɓin ƙashin baya na ƙarshen haƙarƙari da na farkon tsatso, su zagayo ta gefen jiki tsakanin tsokoki har su kai tsakiyar ciki. Akwai kuma zafin kayan ciki, wanda ke tasowa in aka ja mahaifa, ko aka ɗaure jijiyar ma'ajiyar ƙwai, ko aka taɓa hanji. Wannan yana bin wasu jijiyoyi dabam, masu zurfi, kusa da ƙashin baya. Allurar da ta kashe bango ba lalle ta kashe na ciki ba. Wanda ya manta da wannan zai ga zomo kwance lumui sa'ad da ake yanka fata, sa'an nan zuciyarsa ta hau gudu da zarar an ja mahaifa.

HANYA TA FARKO: ALLURAR LAYIN YANKA

Wannan ita ce mafi sauƙi, ba ta bukatar komai sai siririyar allura da sirinji ƙarami. Bayan an aske an wanke, sai a ɗaga fata a bi farin layin nan da ke tsakiyar ciki, inda za a yanka, ana zuba magani kaɗan kaɗan ana janye allura. Kafin kowace zubawa sai a ja sandar sirinji baya a duba ko jini ya fito. Abin kiyayewa shi ne bangon cikin zomo siriri ne ƙwarai, kuma jakar hanjin nan tana kwance dab da shi, fatarta kamar takarda. Allurar da ta zarce za ta huda ta.

Ana iya ƙarasa aikin daga ciki. In an buɗe, sai a ɗiga kaɗan daga maganin da aka riga aka lissafa a kan jijiyar ma'ajiyar ƙwai, a jira 'yan mintoci kafin a ɗaure ta. In an ɗinke tsoka, sai a ɗiga sauran a kan ɗinkin kafin a rufe fata. Amfaninsa ya wuce na ranar fiɗa, domin zomo gwanin cizge zare ne, kuma wurin da ba ya masa zafi bai cika kai masa haƙori ba.

HANYA TA BIYU: ALLURAR BAYA

Matan da aka yi wa fiɗar haihuwa sun san allurar baya. Tarihinta ya koma 1898, sa'ad da August Bier ya zuba koken cikin ruwan laka a birnin Kil na Jamus, ya yi wa marasa lafiya fiɗa idonsu biyu. Shi da mataimakinsa suka gwada a kan junansu, Bier ya kwanta kwana da kwanaki da ciwon kai mai tsanani saboda ruwan lakar da ya zube. A 1921 wani likitan soja ɗan Sifen, Fidel Pagés, ya bayyana hanyar zuba magani a tsatso ba tare da an huda rigar laka ba.

Laka tana cikin wata riga mai ƙarfi cike da ruwa, rigar kuma tana cikin ramin ƙashin baya. In aka zuba magani tsakanin ƙashi da riga, wannan allurar wajen riga ce. In aka huda rigar aka zuba cikin ruwan, wannan allurar cikin riga ce, wadda ke bukatar magani kaɗan, tana kamawa nan take, tana kuma saurin hawa sama. A zomo, ta wajen riga aka fi nema.

Ana kwantar da zomo a kan ƙirjinsa bayan ya yi barci, a jawo ƙafafun baya gaba don gaɓoɓin su buɗe. A laluba kawunan ƙashin kwatangwalo biyu da babban yatsa da na tsakiya, manuniya kuma ta sami ɗan lotsawar da ke tsakanin gaɓar tsatso ta ƙarshe da haɗaɗɗen ƙashin ƙugu. Nan ake soka allura a hankali, bayan an tsabtace wurin kamar za a yi fiɗa. Yawan ruwan da aka saba zubawa kimanin mililita 0.2 ne ga kowane kilo, a hankali cikin minti guda ko fiye. Sau da yawa ana haɗawa da mofin marar sinadarin adanawa, miligiram 0.1 ga kilo, wanda ke tsawaita saukin zafi ba tare da ya ƙara kashe ƙafa ba.

Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A kare, laka tana ƙarewa kafin wannan gurbi, saboda haka allura tana shiga fili. A zomo kuwa laka tana zarcewa har cikin ƙashin ƙugu, a mafi yawansu har gaɓa ta biyu. Ke nan allurar tana sauka ne a saman laka, kuma huda riga abu ne mai sauƙin faruwa. In aka ga ruwa garai ya fito ta gindin allura, an shiga cikin riga; sai a rage maganin ƙwarai ko a fasa. In aka zuba cikakken ma'aunin wajen riga a cikin riga, maganin zai iya hawa har ya tsayar da numfashi. Don gudun haka wasu likitoci sukan sauka ƙasa, su soka tsakanin ƙashin ƙugu da gindin wutsiya.

Falalar wannan hanya ita ce tana kama zafin bango da na kayan ciki gaba ɗaya a ƙasan ciki, don haka ta dace da aikin mafitsara da mahaifa, da fiɗar haihuwa inda ake so maganin barci kaɗan ya kai ga 'ya'ya. Illolinta uku ne. Tana buɗe hanyoyin jini, bugun jini ya sauka, saboda haka ba a yin ta ga zomon da ya zubar da jini ko ya bushe sai an ƙara masa ruwa. Tana iya riƙe fitsari na ɗan lokaci. Ta uku kuma ta keɓanta da zomo: ƙasusuwansa ba su wuce kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa ba, tsokar cinyarsa kuwa ƙaƙƙarfa ce. In ya farka ya ji ƙafafunsa ba sa amsawa yakan firgita ya yi ta fizge-fizge, kuma zomo yana iya karya bayansa da kansa. Maganin wannan shi ne a tsarma maganin yadda zai kashe zafi ya bar motsi, a kuma farkar da shi a ƙaramin wuri mai laushi, marar santsi. Ba a yin allurar baya in fatar wurin ta yi gyambo, ko jini ba ya daskarewa.

HANYA TA UKU: ALLURAR TSAKANIN TSOKOKI

Gefen ciki yana da tsokoki uku shimfiɗe bisa juna kamar tabarmi. Jijiyoyin bango suna tafiya tsakanin ta biyu da ta uku. A 2001 wani likita a ƙasar Ailan, A. N. Rafi, ya nuna cewa in aka zuba magani a wannan tsakani zai malala ya kama jijiyoyin da yawa a lokaci guda. A 2007 aka fara yin ta da na'urar hoton ciki, mai aiki yana ganin tsinin allura da idonsa. A shekarar nan kuma Rafael Blanco ya bayyana wata mai kama da ita, wadda ake yi can baya, gefen wata tsoka da ke jingine da gaɓoɓin tsatso, kusa da tushen jijiyoyin, da fatan ta taɓa zafin kayan ciki ma.

Daga mutum aka kai waɗannan ga kare da kyanwa, daga baya ga zomo. Gwajin farko a zomo an yi shi ne a kan gawa: a zuba shuɗin rini maimakon magani, a feɗe, a ƙirga jijiyoyin da suka rinu. Irin wannan gwaji yana nuna inda ruwa ya kai, amma gawa ba ta jin zafi, don haka hukuncin ƙarshe yana wurin zomo mai rai da kwanon abincinsa. Falalar hanyar ita ce ba ta kashe ƙafa, ba ta cika saukar da bugun jini ba. Wahalarta kuwa, tsokokin zomo sirara ne ainun, kuma tun da yanka a tsakiya yake, tilas a yi allurar dama da hagu, a raba 'yan ɗigon nan biyu. Ba a yin ta da lalube. In babu na'ura, a koma hanya ta farko.

GUBA DA MAGANINTA

In maganin kashe wuri ya yi yawa, ko ya shiga jijiyar jini kai tsaye, yakan fara da ƙwaƙwalwa: karkarwa, sa'an nan jijjiga. Daga nan ya sauka zuciya. Bufibaken ya fi muni a nan, domin yana manne wa ƙofofin tsokar zuciya ya ƙi saki. Tun 1979 George Albright ya ja hankalin likitoci a Amurka kan tsayawar zuciya da yake jawowa. A zomon da ke barci kuwa ba a ganin karkarwar, sai dai kawai bugun zuciya ya rikice. A 1998 Guy Weinberg ya nuna a kan ɓeraye cewa ruwan kitsen nan fari da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya yana rage wannan guba, kuma yanzu shi ne abin da ake ajiyewa kusa. Amma rigakafi ya fi magani: a auna, a lissafa, a rubuta, a ja sirinji baya kafin a zuba.

TAFIYA TARE DA BARCI

Kada wani ya fita daga wannan zaure da zaton allurar kashe wuri ta ɗauke bukatar sa barci. Likitocin dabbobi a ƙasar Hausa sun saba buɗe tumbin saniya tana tsaye, ko su ciro tulin leda daga cikin tunkiya, bayan sun kashe jijiyoyin gefen ciki kawai, hanyar da Farquharson ya bayyana tun 1940. Wannan gwaninta babban jari ce, domin hannun da ya san bin jijiya a saniya ba zai sha wuyar koyon ta zomo ba. Amma zomo ba zai tsaya a buɗe masa ciki yana kallo ba. Tsoro kaɗai ya isa ya rikita masa zuciya. Abin da ake nema shi ne barci mai sauƙi da allurar kashe wuri tare, kowanne ya ɗauki rabin kayan.

Sauran shiri kuma yana nan. Zomo ba ya amai, don haka ba a hana shi abinci dare guda kamar kare. A ɗaga ƙirjinsa kaɗan a kan tebur, a ba shi iskar oksijin, a ɗumama shi. Kafin ƙarfin allurar ya ƙare a riga an ba shi maganin zafi da kumburi, kada zafin ya dawo masa gaba ɗaya. A ajiye shi nesa da warin kare da kyanwa, a sa masa ciyawa da ganyen da ya saba da su. In awoyi suka wuce bai ci ba, a ɗura masa niƙaƙƙen abinci da sirinji. Alamar nasara ba a ɗinki take ba. Ranar da zomo ya ci, ya kuma zubar da 'ya'yan kashinsa kamar yadda ya saba, ranar aikin ya ƙare.

KAMMALAWA

A taƙaice, allurar layin yanka tana hannun kowa, allurar baya tana bukatar sanin inda lakar zomo ta ƙare, allurar tsakanin tsokoki kuma tana bukatar na'ura. Dukansu suna tsaye ne a kan sikeli da lissafi, da sanin wane zafi ake son kashewa. Inda injin iskar barci da na'urorin lura da zuciya suka yi ƙaranci, a nan ne rage zurfin barci ya fi amfani, kuma kwalbar lidoken guda ta isa zomaye da yawa.

Ga jami'a kuwa, maganar ta wuce ta jinya. A 1959 wasu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka kafa ƙa'idoji uku game da dabbobin bincike: a musanya su da wani abu in zai yiwu, a rage yawansu, a kuma kyautata yadda ake yi da su. Kashe zafi yana ƙarƙashin ta uku, yana kuma taimakon ta biyu, domin zomon da ke fama da zafi jininsa da cinsa da warkewarsa duk sun sauya, sakamakon da aka samu daga gare shi gurɓatacce ne, sai an sake gwaji da wani zomon. Addini da al'ada sun riga sun hori mutum da tausaya wa dabba ko da zai yanka ta ne, balle wadda ya kwantar da niyyar ta tashi.

Hausawa suna cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. A ɗakin tiyata ma haka abin yake: ƙanƙantarsa da shirunsa ba su rage masa haƙƙi ba. Shi ya ba da idonsa a Biyana a 1884, kuma abin da ake bukata a saka masa da shi bai wuce sikeli, da siririyar allura, da likitan da ya yarda ya zauna ya yi lissafi ba.